Fim Mai Kambu da Fim Mai Kasuwa: Tarihin Lissafin Daga Kano Zuwa Nasarawar Burkullu

A watan Janairun 2024 masu gidajen sinima na Najeriya suka ba da sanarwa cewa fim ɗin Funke Akindele, A Tribe Called Judah, ya haura naira biliyan ɗaya a cinikin tikiti. Shi ne fim na cikin gida na farko da ya kai nan. Lissafi ne mai tsabta: kowace kujera da tikitinta, kowane tikiti da kuɗinsa, ƙungiyar masu sinima kuma tana fitar da jimilla duk mako. Sai dai ko sisin kwabo daga wannan biliyan ba a karɓe shi a Nasarawar Burkullu ba, ko Anka, ko Gummi, don babu tagar sayar da tikiti a can. Amma fa mutanen yammacin Zamfara sun shekara aru-aru suna kallon fim, kuma suna biya. Kuɗinsu ya gina wa wasu gidaje a Kano. Littafin shigar da shi ne ba a taɓa buɗewa ba.

Turawa sun daɗe suna gardama a kan ko lambar yabo da ciniki suna tafiya tare. A bikin Oscar na 2010, The Hurt Locker, wanda cinikinsa a duniya kimanin dala miliyan 49 ne, ya kayar da Avatar mai sama da dala biliyan 2.7. A 1998 kuwa Titanic ya haɗa biyun, ya kwashe kambu 11 ya kuma kwashe kasuwa. Su gardamarsu tana da daɗin yi, domin alƙaluman ɓangarorin biyu suna rubuce. A ƙasar Hausa ɓangare ɗaya ne a rubuce. Kowa zai iya nemo sunan fim ɗin da ya ci gasa a shekara kaza, amma yawan kaset ɗin da ya shiga ƙauyuka yana cikin kan 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya. Duk da haka, in aka bi tarihin a tsanake akwai abin da ke fitowa fili. Finafinan Hausa da suka ci kambu, akasarinsu an riga an biya kuɗinsu tun kafin a haska su, daga aljihun gwamnati ko ofishin jakadanci ko wani babban kamfani. Waɗanda suka ci kasuwa kuwa da kwabban mai kallo suka rayu.

Abin ya faro tun daga majigi. Fim na farko da talakan karkara ya gani ba saya ya yi ba, kawo masa aka yi. Motar gwamnatin mulkin mallaka ce ke zuwa ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi, a tara jama'a bayan isha, a nuna musu tsabta da allurar rigakafi da noman zamani. Baban Larai, na shekarun 1950, a kan noman auduga aka yi shi, kuma ƙasar da ke kai audugarta injin gurza na Gusau tana cikin waɗanda aka yi shi dominsu. Ba a karɓar ko anini. Wanda ya biya shi ne mai son a ji saƙonsa.

Sinimar kuɗi kuwa ta birni ce, kuma a hannun Kwarori 'yan Labanan take. An buɗe Rex a Kano a 1937, Palace ta biyo baya a 1952 a cikin birni, da ƙyar da jiɓin goshi saboda adawar malamai. Shekara guda kafin nan, a watan Mayun 1951, gobarar sinimar El Duniya ta ci mutum 331, mutane da yawa suka ɗauke ta a matsayin ishara. Tun daga lokacin sunan sinima bai ƙara wankuwa ba: wurin 'yan iska ne a idon dattawa, matar aure ba ta zuwa, ɗan mutunci in ya je ba ya faɗa a gida. Wannan ƙyamar ita ta yanke wa sinima rabin masu kallonta tun daga tushe.

Cikin wannan zamani ne aka samu fim ɗin da, a ganina, ya fi kowane fim haɗa yabo da ciniki a ƙasar Hausa, kuma ba na Hausa ba ne. Mother India na Mehboob Khan ya fito a 1957, da Nargis a matsayin uwar da ta yi noma da hannunta don ta ciyar da 'ya'yanta, mai ba da bashi da ruwa yana cin gumin iyalin. A 1958 ya shiga jerin finafinai biyar na ƙarshe a rukunin harsunan waje na Oscar, fim ɗin Fellini na Italiya ya kayar da shi. 'Yan kallon Kano ba su da labarin wannan takara, ba ta kuma dame su ba. Brian Larkin, Baturen da ya yi bincike a kan sinimomin Kano a shekarun 1990 ya kuma rubuta littafin Signal and Noise, ya tarar ana ci gaba da haska fim ɗin, kusan shekara 40 da fitowarsa, 'yan kallo suna bin waƙoƙinsa da baki. Ba abin mamaki ba ne. Manomin da ya taɓa cin bashin hatsi da damina ya biya ninki da kaka ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan labari. Alƙalan Amurka da 'yan kallon Kano sun yaba abu ɗaya, kowa da dalilinsa.

Da muka fara yin namu sai hanya ta rabu. Adamu Halilu ya ɗauki littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi Shaihu Umar a 1976 da kuɗin Gwamnatin Tarayya, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977. Bayansa ya yi Kanta of Kebbi, wanda gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa wa hannu, a lokacin da Anka da Gummi da Bukkuyum duk suke ƙarƙashinta. Finafinai ne na alfarma, masu dawaki da raƙuma da ɗaruruwan mutane, amma ba don kasuwa aka yi su ba, ba kuma a tanadar musu hanyar shiga kasuwa ba. Shaihu Umar ya ɓace ɓat shekaru da dama, sai a 2016 aka tsinci faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya, aka gyara shi a Jamus, aka haska shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Wato Bajamushe ya sayi tikiti ya kalli Shaihu Umar a babban allo, jikan wanda aka yi fim ɗin da harshensa bai samu wannan dama ba.

Maƙwabtanmu na Nijar ma haka ta faru da su, har ta fi. Oumarou Ganda ne ya fara cin babban kambun FESPACO a Wagadugu a 1972. A 1987 Sarraounia na Med Hondo ya ci wannan kambu, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, kusa da Dogon Dutsi, wadda ta tari rundunar Faransawa a 1899. Labarin ƙasar Hausa ne tsantsa, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, a Faransa kuma bai daɗe a sinima ba aka sauke shi.

Sai 1990 ta zo da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, a kaset ɗin bidiyo, da kuɗin 'yan wasan kansu. Daga nan lissafi ya canja baki ɗaya, kuma ya kamata a tsaya a duba yadda kuɗin ke tafiya, don a nan sirrin yake. Furodusa ba kaset yake sayarwa ba. In ya gama fim sai ya buga kwali a maɗaba'a, wato rigar kaset mai hotunan 'yan wasa, ya kai wa 'yan kasuwa tare da uwar kaset. Su 'yan kasuwar, waɗanda dama sun ƙware wajen kwafar finafinan Indiya da na Amurka, su ke da na'urorin kwafi, su ke sayen kaset maras komai, su zuba fim, su sa masa riga. Rabon furodusa shi ne kuɗin kwali, sau da yawa ma sai an sayar ake biyansa, wanda ya yi kwantai a mayar masa da abinsa. Saboda haka in an ce fim ya ci kasuwa, nufi shi ne kwali ya ƙare an koma maɗaba'a. Wannan shi ne ma'aunin, babu kuma wata hukuma da ke tattara shi. Dillalai daga Gusau da Sakkwato da Maraɗi su zo su yi sari, daga hannunsu kaya ya bi motocin kasuwa zuwa garuruwa irin Nasarawar Burkullu, ya sauka a teburin mai kaset tsakanin mai batir da mai gyaran rediyo.

A nan kuma wani lissafin ya fara wanda furodusa ba shi da rabo a ciki. Mai shagon haya ya sayi kaset ɗaya ya ba da shi aro gida-gida har ya soma shatata. Mai gidan kallo ya kunna janareta ya tara yara da samari yana karɓar 'yan kwabbai a bakin ƙofa. Kaset ɗaya, idanu ɗari ko fiye. Babban abin da bidiyo ya yi shi ne ya shiga cikin gida, ya iske matan da sinima ba ta taɓa gani ba. Su ne suka ɗaga wannan sana'a. Su ke aiken yaro ya karɓo sabon fim, su ke sanin wace 'yar wasa ce ta iya kuka, kuma domin su ne aka riƙa mayar da littattafan soyayya fim, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa. Da Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999 ya yi cinikin da ba a saba gani ba, albarkacin waƙoƙinsa, sai kowa ya koma rawa da waƙa. Wasila ya biyo baya daga Kaduna. A wannan shekara ta 1999 Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim, Sunusi Shehu Daneji kuma ya laƙaba wa masana'antar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa.

Zamfara tana da nata babin a wannan wuri. Jihar ba ta fi shekara uku da kafuwa ba Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, aka rufe gidajen sinima. Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Wanda ya ɗauka wannan zai kashe kallo bai san mutane ba. Kallo ya ƙara komawa ɗaki ne kawai, inda babu mai ƙirga kai. Tagar tikiti ɗaya tilo da za ta iya ba da alƙalami a jihar ita aka toshe, kasuwar kaset kuwa ta ci gaba da harkarta.

Wa ya mallaki wannan kasuwa ta karkara? Duk mai sayar da kaset na wancan zamani amsa ɗaya zai ba ka: Ibro. Marigayi Rabilu Musa Ibro da abokan wasansa suna yin abin da 'yan birni ke kira camama, da ɗan raini a bakinsu. Fim ne mai araha, a ɗauke shi cikin 'yan kwanaki a ƙauye, babu mota mai tsada babu gidan sama, sai wauta da wayo da baƙar magana. Masu finafinan soyayya na falo da kujeru suna ganin su ne masana'antar, amma ɗan kasuwa ya san kwalin da ba ya kwana. Ibro ya yi wa baƙauye wasa da kansa, baƙauye ya gane kansa ya yi dariya ya biya. Ba da irin finafinansa ake zuwa gasa a Legas ko Yenagoa ba, kuma har ya rasu a Disambar 2014 hakan bai rage masa komai ba.

Finafinan gasa daban suke, masu biyan kuɗinsu ma daban. An kafa gasar AMAA a 2005. A 2007 Sitanda na Izu Ojukwu ya ci kambun gwarzon fim, Ali Nuhu kuma ya samu na jarumi mai tasowa, alhali a Arewa ya shekara takwas yana tashe tun daga Sangaya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nisan da ke tsakanin alƙalan da masu kallonsa. Kuɗin Sitanda daga shirin tallar Amstel Malta ya fito. Tsintsiya na Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, wanda ya yi magana a kan zaman Hausawa da sauran ƙabilu, ofishin jakadancin Amurka ne ya tallafa masa, ya kuma ci lambar yabo a bikin Zuma na Abuja a 2008. Ƙarshen wannan shekara kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tacewa, zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta tura Iyan-Tama gidan yari. Watanni kaɗan kafin nan ita dai wannan kotu ta ɗaure Ibro wata biyu. A nan dai mai kambu da mai kasuwa sun yi kunnen doki.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Blood and Henna na Kenneth Gyang, na 2012. Ya ɗauko labarin annobar sanƙarau ta Kano ta 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200, 11 suka mutu. An zaɓe shi a rukuni shida a AMAA ta 2013, ya ci na tsara sutura. Shekara biyu kafin fitowarsa, a 2010, gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma, har sai da likitocin MSF suka zo suka kafa sansani. In akwai iyayen da za su fahimci fim a kan mutuwar yara da zuwan baƙin likitoci, to su ne. Amma sunan fim ɗin ya fi yawo a shafukan jaridun Legas fiye da teburan masu sayar da faifai na yammacin Zamfara.

Lokacin ma teburan sun fara mutuwa. Kaset ya ba faifan CD wuri, faifai ya ba katin waya wuri. 'Yan tura fim suka buɗe shaguna da kwamfuta ɗaya da caja masu yawa, ka kawo waya a cika maka ita da finafinai a kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba. Kwali ya tashi daga aiki, ma'aunin da ake da shi ya tafi tare da shi. Ga kuma Indiya-Hausa, fassarar su Algaita, ta zo ta raba masu kallo biyu. Jikokin masu kallon Mother India sun koma wa Indiya, wannan karon tana magana da Hausar Kano. Furodusoshi da dama suka karye.

Masu sauran ƙarfi suka nemi mafaka a wurare biyu. Na farko sinimar zamani ta Filmhouse da aka buɗe a rukunin shagunan Ado Bayero a Kano, mai sanyi da kujeru masu laushi, inda iyali za su iya zuwa ba tare da jin kunya ba. A nan ne aka fara ƙirga wa fim ɗin Hausa tikiti yadda ake yi a Legas. Mansoor na Ali Nuhu ya ja jama'a a can a 2017, ya kuma ci kambun fim ɗin Hausa a gasar AMVCA ta 2018. Yabo da ciniki sun haɗu, amma a ɗaki guda na birni guda, a farashin da manomin Gummi zai gwammace ya sayi mudun taki. Mafaka ta biyu talabijin ce. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 da tallafin gwamnatin Amurka, ta kawo Daɗin Kowa, wanda ya ci AMVCA a 2016 ya kuma shiga duk gidan da ke da tauraron ɗan'adam, da wayar duk wanda ya je wurin mai turawa. Shi ne abu mafi kusa da nasarar Mother India da muka yi da harshenmu. Sai dai a duba da kyau: kyauta ake kallonsa, wani ne ya biya. Majigi ne ya dawo da sabuwar riga.

Batun Oscar kuma da ƙafar hagu Najeriya ta shige shi. A 2019 ta miƙa Lionheart na Genevieve Nnaji, aka cire shi daga takara saboda Turanci ya rinjayi harshen gida a cikinsa. Wannan doka ta zama alheri ga Hausa ba da niyya ba. Shekarar da ta biyo aka miƙa The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka ɗauka a Taraba, akasarin maganarsa Hausa, labarin 'yan mata biyu 'yan uwan juna da 'yan tayar da ƙayar baya suka ɗauke daga rugarsu. Ya ci kambu biyar a AMAA ta 2020, har da na gwarzon fim, Maryam Booth ta samu na mataimakiyar jaruma. A gida kuwa hukumar tace finafinai ta ƙasa ta sa an yanke masa minti 24, bai samu zagayen sinimomi yadda aka so ba, daga baya ya koma Prime Video, dandalin da sai da katin banki da intanet mai ƙarfi ake shiga. Fim ne a kan satar mata daga ƙauye, a shekarun da wannan ya zama abin da ake kwana ake tashi da shi a Zamfara. Watanni biyu bayan bikin AMAA aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, aka rufe kasuwannin mako, aka shafe makonni ba kira ba intanet. A wannan tsakani, wanda ke da fim a katin wayarsa shi ke da sinimar unguwa.

Yanzu Kannywood ta koma dogon zango a YouTube da talabijin, su Izzar So da Labarina, kuma a karon farko akwai alƙalamin da kowa ke gani a ƙasan allo, adadin waɗanda suka kalla. Shi ma bai cika ba. Mai shagon turawa a Nasarawar Burkullu zai sauke kashi ɗaya sau ɗaya, in layi ya yi kyau, ya zuba wa mutum hamsin, YouTube ta rubuta mutum ɗaya, furodusa a biya shi kuɗin tallar mutum ɗaya. A Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos, mutumin da ya ga zamanin kwali da na faifai da na tikiti da idonsa. A ƙarshen shekarar Najeriya ta sake miƙa fim ɗin Hausa ga Oscar, Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka ɗauka a Daura da Adam A. Zango a cikinsa, labarin rigimar gadon sarauta. Da aka fitar da jerin finafinai 15 da suka tsallake zagayen farko a watan Disamba, babu sunansa a ciki.